Kambi Arba'in da Tara

A cikin dukan kuɗin da hannuna ya taɓa riƙewa, babu wanda ya kai kambin Ingila nauyi, babu kuma wanda ya kai shi rashin abin yi. Wata ƙatuwar ƙwandala ce da kan cika tafin hannun yaro, nauyinta giram 28 da 'yan kai, faɗinta ya ɗan haura milimita 38. Sunan da masu ita suka raɗa mata ma'anarsa kambin sarauta, don haka da kambi zan kira ta. A tsohon lissafi darajar kambi sule biyar ce, watau kashi ɗaya cikin huɗu na fam. Sai dai duk wanda ya sauka Ingila yau, ya zaga kantunanta ɗaya bayan ɗaya, ba zai ga an miƙo masa kambi a canji ba. Direban bas ba ya son sa, injin sayar da tikiti ba shi da ramin da zai shige, banki ma yana da ikon ya ce a kai kasuwa. Mazauninsa aljihun tebur ne, da ƙasan akwati, da gwangwanin biskit da aka cinye abin cikinsa tun kafin a haife ni. A can yake kwance, miliyoyinsa, yana jiran wata rana da masu shi suka yi imani tana nan tafe.

Ba haka ya faro ba. Tun 1551, zamanin Sarki Edward na Shida, aka fara buga kambi da azurfa, ya kuma daɗe yana kuɗi na gaske wanda ake biyan bashi da shi. Har zuwa 1919 azurfar kuɗin Ingila kusan tsantsa ce, kashi 92 da rabi cikin ɗari. Bayan Yaƙin Duniya na Farko, daga 1920, aka mayar da ita kashi 50. Yaƙi na biyu ya cinye saura, domin Birtaniya ta ranto azurfa daga Amurka, tilas kuma ta biya. Daga 1947 sai aka koma haɗin jan ƙarfe da nikel, mai farin ido irin na azurfa amma ba ɗigonta a ciki. Tun kafin nan ma kambi ya riga ya yi wa aljihu nauyi, jama'a sun guje shi, har bayan na 1902 ba a sake buga wani ba sai 1927. Da ya rasa aikin saye da sayarwa sai aka ba shi aikin tuni. Sarki ya hau gado, a buga kambi. Sarauniya ta cika shekara kaza, a buga kambi. Ɗan sarauta ya yi aure, a buga kambi.

Ni sana'ata kula da tsofaffi ce a gidajensu, a wani gari na arewacin Ingila da a da ya yi suna da masaƙun ulu. Nakan shiga gida bakwai ko takwas a yini, in tayar da mai gida, in yi masa wanka, in ba shi magani, in dafa shayi, in rubuta abin da na yi, in wuce na gaba. A kusan rabin gidajen nan na ga kambi, amma a gida ɗaya ne ya zama magana. Mai gidan tsohuwa ce haifaffiyar 1938, ta yi aikin masaƙa tun tana shekara 15, mijinta direban bas ne, ya rasu da daɗewa. Kaka nake kiranta, tun ranar da ta tambaye ni yadda muke ce wa mahaifiyar uwa, na faɗa mata, ta ce sunan ya yi mata, kada in sake kiranta da wani. Ita kuwa “yarinya” take ce mini, ko da yake ni ma na ajiye 'ya'ya uku a gida.

Ran Lahadi da yamma Kaka kan sa in sauko mata da gwangwani daga saman kabad. Sai ta shimfiɗa tawul a kan tebur, ta zazzage, ta ɗauki ƙyalle da man goge ƙarfe ta bi su ɗaya ɗaya har su riƙa ɗaukar ido. Guda 49 ne, na ƙirga su ya fi a ƙirga. Akwai ɗaya na 1935 da ta gada daga mahaifinta, ɗaya na 1951 a cikin ɗan kwalinsa kore, biyu na naɗin Sarauniya Elizabeth a 1953, ashirin cif masu kan Churchill na 1965, huɗu na 1972, sha biyu na 1977, uku na 1980, shida na auren Yarima Charles da Diana a 1981. Kowanne yana da labarinsa, kuma ba ta gajiya da bayarwa. Na 1953 yana ɗauke da Sarauniya a kan doki, ta ce a shekarar ta fara ganin talabijin, a falon wani maƙwabci da ya tara mutanen layi gaba ɗaya. Na 1977 yawanci a makaranta aka raba wa 'ya'yanta da 'ya'yan ƙanwarta tare da kofin shayi, ta bi ta karɓe ta adana musu, ba wanda ya sake tambaya.

Da a nan abin ya tsaya, da ban rubuta wannan ba. Wata Lahadi ta rufe gwangwanin, ta ɗora hannu a kai, ta ce, “Yarinya, kin ga wannan? Shi zai binne ni.” Ta yi mini bayani dalla-dalla, kamar mai karanta lissafin adashi. Ba ta da ajiya a banki, fanshonta iyakarsa ci da wuta, 'yarta guda ce, ita ma da nata nauyin. Ba ta so ranar da ta mutu a ce 'yar ta ci bashi saboda ita. Ta ga an rubuta a jarida cewa tsohon kambi na iya kai dubban fam, ta lissafa nata 49, ta kwanta da kwanciyar hankali.

Wanda bai zauna a ƙasar nan ba zai yi wuya ya gane nauyin wannan magana. A wajenmu mutuwa ba ta da tsada: yadin likkafani, makarar masallaci, matasan unguwa su haƙa kabari, kafin la'asar an dawo ana karɓar gaisuwa. A Ingila jana'iza kasuwanci ce mai kamfanoni, da akwati da mota da kuɗin fili ko na ƙonawa, kuma ta talaka ma takan kai fam dubu huɗu. Tsofaffi da yawa da na yi wa aiki sun fi tsoron kuɗin binne su a kan mutuwar kanta. Mu muka ce ajiya maganin wata rana, to Kaka ta yi ajiyarta shekara kusan sittin, ta kuma sa wa ranar suna.

Ban taɓa kayan ba, domin dokar aikinmu ta hana mu fita da ko cokali daga gidan da muke aiki, ta kuma hana mu karɓar kyauta. Abin da na yi shi ne, ranar hutuna na shiga ɗakin karatu na gari na nemi kundin farashin tsoffin kuɗin Ingila, irin wanda ake sabuntawa kowace shekara. Ba farashin ne ya fara tsayar da ni ba, wani layi ne a gefensa, inda ake rubuta adadin da aka buga. Na Churchill miliyan 19 da dubu 640. Na 1977 ya haura miliyan 37, a ƙasar da mutanenta a lokacin miliyan 56 ne da 'yan kai, watau kusan biyu ga kowane mutum uku, har da jarirai. Na 1981 ya kusa miliyan 27. Na 1980, na cikar mahaifiyar Sarauniya shekara 80, ya wuce miliyan 9. Na 1972 ya wuce miliyan 7. Na naɗin sarauta kusan miliyan 6. Kuma da yake ba a kashe su a kasuwa, ba su goge ba, ba su ɓace ba, ba a mayar da su gidan buga kuɗi an narke ba. Kowa ya ajiye nasa, don kowa ya ji an ce wata rana zai yi daraja, wannan ajiyar ta kowa da kowa kuwa ita ce ta hana ranar zuwa.

Daga nan na wuce kasuwar kayan da, wadda ke ci ran Asabar a ƙarƙashin wani tsohon rufin ƙarfe. A can ƙurya akwai wani dattijo mai teburin tsoffin kuɗi da lambobin soja. A gabansa ga wani kwano cike fal da kambi, ya manna takarda: kowanne fam ɗaya. Na sa hannu na juya, ga Churchill, ga Sarauniya a kan doki, ga ango da amarya, sun cakuɗe kamar gyaɗa a faranti. Na tambaye shi, in shi zai saya, nawa zai biya? Ya yi dariya, ya ce gaskiya ba ya saye, domin ba a mako da wani ba zai zo masa da jaka guda ba, yawanci bayan an yi rasuwa ana kwashe kayan gida. Ya ce abin da ya fi wuya a sana'arsa shi ne fuskar mutum lokacin da ya ji farashi. Da na karanto masa jerin na Kaka sai ya tsaya a kan biyu. Na 1951, na bikin baje kolin Birtaniya, an buga kusan miliyan biyu, in yana cikin kwalinsa zai yi 'yan fam kaɗan. Na 1935 shi ne mai ɗan auki, don rabinsa azurfa ne, kuma dubu 714 da 'yan kai aka buga, na cikar Sarki Joji na Biyar shekara 25 a kan gado. Dokin da ke bayansa an zana shi a sandare, har mutane suka riƙa yi masa ba'a da sunan dokin katako na wasan yara. Wannan, in ji shi, zai yi fam ashirin ko talatin, gwargwadon lafiyarsa.

Sai ya tambaye ni, “Tana goge su?” Na ce duk Lahadi. Ya rufe ido kamar wanda aka taka wa ƙafa. A wajen masu tara kuɗi, ƙyallin da ake nema shi ne wanda tsabar ta fito da shi daga gidan bugawa, kuma man gogewa kankare shi yake yi, ya bar 'yan layuka sirara da ake gani da gilashin ƙara girma. Sun fi son tsabar da ta yi duhu da tsufa a kan wadda aka wanke. Na tuna yadda ake goge kwanon samira da toka a gidanmu kafin a jera wa amarya, na ga a nan an juya abin: gwargwadon kular da ka ba kayanka, gwargwadon abin da za a rage maka. Jimillar gwangwanin Kaka, in an yi mata alheri, ba za ta kai fam ɗari ba. In kuwa aka bi darajar da hukuma ta san su da ita, kwabo 25 na sabon lissafi kowanne, fam 12 ne da kwabo 25.

Kambin Churchill ne ya fi tsaya mini a rai, wataƙila don shi ya fi yawa a gwangwanin. Churchill ya mutu a watan Janairun 1965, aka yi masa jana'iza irin ta sarakuna, daga baya a shekarar aka fitar da kambi mai kansa a baya, kan Sarauniya a gaba, abin da ba a saba yi wa wanda ba jinin sarauta ba. Oscar Nemon, mai sassaƙa, shi ya zana kan, kuma tun a lokacin mutane da yawa suka ce bai yi kyau ba, ya fito a dagule kamar an danna laka da yatsa. Duk da haka aka yi layi a bankuna. Mijin Kaka ya shiga layin ya canji fam biyar, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na albashin makonsa, ya kawo mata ashirin a takarda ya ce ta ɓoye. Abin da sule biyar ke saye a 1965 yau sai mutum ya ba da fam huɗu ko fiye kafin ya samu. Ke nan wanda ya kashe nasa a ranar, ya sayi nama ko takalmin yaro, ya fi wanda ya adana cin riba.

Kaka tana ganin wannan fuska ta ga mutumin da ya hana Hitila shiga ƙasarta lokacin tana ƙaramar yarinya ana ɓoye ta a ƙarƙashin bene. Ni kuwa ina ganinta in tuna wani abu dabam. A 1906, shekarar da sojojin Gwamna Lugga suka shafe garin Satiru kusa da Sakkwato, Churchill ne ƙaramin minista a ma'aikatar kula da ƙasashen mulkin mallaka a Landan. Adalci ne a faɗi cewa a takardun ofis ya nuna ƙyamar yawan zubar da jinin da ake yi a Arewacin Nijeriya. Adalci ne kuma a faɗi cewa har ya koma ga Mahaliccinsa bai daina ganin mulkin Ingila a kan irinmu a matsayin alheri ba. Ƙanen kakana yana cikin waɗanda aka kwasa zuwa Bama a yaƙin da ya ɗaukaka sunan Churchill, ya dawo da tari da lambar ƙirji, ba a buga kansa a kan komai ba. Ban taɓa yi wa Kaka wannan magana ba. Nakan riƙe mata tsabar ne tana gogewa, kowa da abin da yake gani.

Wannan cuta ta yawa mun san ta a gida tun kafin Turawa su kawo sule. Kakanninmu da wuri suke ciniki, kuma ya yi ɗaruruwan shekaru yana aiki, har sai da jiragen 'yan kasuwar Turai suka riƙa jibgo shi daga gabashin Afirka a ƙarni na 19, ya yi yawa har ya kai jaki na ɗaukar kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Abin da ya tsira da mutuncinsa shi ne liyari, azurfar nan mai kan Maria Theresa ta Ostiriya. Kakata ta wajen uwa tana da guda uku a ƙulle a bakin zane. Shi ma ba ƙaranci ne ya riƙe shi ba, don an yi ta buga shi da shekara guda, 1780, a ƙasashe daban-daban, har gidan buga kuɗi na Landan ya buga nasa. Azurfar jikinsa ce ta riƙe shi: ko sarauta ta faɗi, maƙerin farfaru zai auna ya biya, ya narke ya yi awarwaro. Kambin bayan 1947 ba shi da wannan mafaka. Ba shi da ƙaranci, ba shi da azurfa, abin da ya rage masa girman jiki da hoton manya. Ya fi kama da kofin roba da kalandar da ake rabawa a gidan biki da hoton amarya da ango: shaida ce cewa ka halarta, ba jari ba ce.

Jaridar da Kaka ta karanta ba ƙarya tsagwaronta ta yi ba, abin da ya sa ta fi ƙarya illa ke nan. Akwai kambin da ke kai dubbai. Na 1934 guda 932 kacal aka buga, shi ya sa ake neman sa ruwa a jallo, shi ya sa kuma jabunsa suka cika gari. Na Sarauniya Biktoriya na 1847, wanda William Wyon ya zana da rubutu irin na tsoffin majami'u, dubu takwas ne, ana kuma lissafa shi cikin mafi kyawun kuɗin da Ingila ta taɓa bugawa. Ko na Churchill akwai 'yan ƙalilan da aka yi musu bugu na musamman, ba su shiga hannun jama'a ba. Wasu shekarun kuma an buga na azurfa tsantsa a akwati don masu tarawa. Wanda ya fi burge ni shi ne na 1663. Wani gwanin zane, Thomas Simon, wanda ya yi wa Cromwell aiki, ya ga Sarki Charles na Biyu ya fifita wani baƙo daga ƙetare a kansa. Sai ya ƙera kambi na gwaji, ya rubuta kokensa ga sarki a kan kaurin gefen tsabar, layi biyu da ƙananan baƙaƙe, yana roƙo a gwada aikinsa da na abokin takararsa. Koken bai karɓu ba, Simon ya mutu a 1665, shekarar annobar Landan. Waɗanda suka rage daga wannan kambi ba su kai ashirin ba, kuma a 2024 an sayar da ɗaya a gwanjo kusan dala miliyan ɗaya. Kuɗin da sarki ya ƙi ya fi kusan duk waɗanda aka buga don yabon sarakuna tsada.

Irin waɗannan labarai ake tsakurowa a ɗora a kan hoton kambin da ke cikin kowane gida. Ga kuma shafukan saye da sayarwa na intanet, inda kowa ke iya sa wa kayansa kuɗin da ya ga dama. Mutum ya sa kambin 1981 a fam dubu biyar, ɗan jarida ya gani ya rubuta, tsohuwa ta karanta ta gaskata. Wanda ya taɓa shiga kasuwar Kurmi ya san kuɗin da mai kaya ya yanka ba shi ne farashi ba, farashi shi ne inda aka taya aka ce an sallama. Hukuma ma ta ƙara rikita lissafin, domin daga 1990 ta ci gaba da buga tsaba mai girman kambi sak, amma ta mayar da darajarta fam biyar. Su kuwa na 1965 zuwa 1981 ba a rubuta ko nawa ne a jikinsu ba, sai mai riƙe da su ya zaci su ma fam biyar biyar ne.

Na sanar da shugabar aikina, ita kuma ta ce in yi magana da 'yar, wadda nake kira Anti. A bakin ƙofa muka tsaya, cikin sanyi. Ashe ta sani. Ta ce tun shekara goma da suka wuce ta kai guda biyu wajen dillali ta ji abin da na ji, ta dawo da su ta mayar ba ta ce uffan ba. “Ki bar ta,” in ji ta. “Me za ta yi da gaskiyar nan tana shekara tamanin da ɗoriya? Ni zan san yadda zan yi in lokacin ya zo.” Na ga hujjarta, har yanzu ina gani. Akwai shirun da tausayi ne. Na kuma yi mata alkawari ba zan tayar da maganar ba, na cika.

Kaka ce ta tayar. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, ta lura na daina tanka mata in ta kawo zancen dubbai. Lahadi ta farko ta tambaye ni ko na san wani abu, na ce shayinta zai huce. Ta biyu ta sake, na ce a tambayi Anti. Ta uku ta ajiye ƙyallen, ta dube ni, ta ce, “Yarinya, kin wanke mini jiki, kin ga abin da 'yata ba ta gani ba. Kada ki mayar da ni jaririya. Nawa ne?” A ganina akwai bambanci tsakanin ƙin tayar da magana da yi wa mai hankali ƙarya ido da ido a kan dukiyarsa. Ƙafafunta ne suka gaza, kanta garau yake. Kuma ba ta'aziyya take nema ba, shiri take yi, wanda ke shiri kuwa in ka ɓoye masa ramin da ke gabansa ba ka tausaya masa ba. Na faɗa mata adadin da aka buga, na faɗa mata kwanon da na gani, na faɗa mata na mahaifinta ne kaɗai ke da azurfa. Zancen gogewa ne kawai ban kawo ba, don ba ta tambaya ba.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce in mayar da gwangwanin, in kashe fitila. Kwana biyu ba ta ce mini komai ba sai “na gode” in na miƙa magani. Anti ta kira ofis ta kai ƙarata, aka zaunar da ni na ba da bahasi, aka rubuta, aka bar ni a gidan don Kaka ta ce in an canja ni ba za ta buɗe wa kowa ƙofa ba. Anti ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata da baki, sai da ka. Ban ga laifinta ba.

A rana ta uku ina tsefe mata gashi sai na ji kafaɗunta na rawa. Dariya take yi. Ta ce tana tuna mijinta ne a layin banki cikin ruwan sama, da hular aikinsa, yana ganin ya fi kowa wayo, alhali gaba da bayansa duk masu wayon ne. Ta yi dariya har ta yi tari. Sa'an nan ta sa na kira mata Anti a waya, ta ce ta zo ran Asabar da takarda da biro. Abin da suka tattauna ban ji ba, ba kuma hurumina ba ne. Na dai san an rufe ƙofar falo awa biyu, na san daga baya an fara cire wani abu kaɗan daga fanshonta kowane wata, na kuma san ta zaɓi jana'iza mafi sauƙi, ta hana a yi hayar motar rakiya. Ko abin da ake tarawa zai isa kafin ranar, wannan sanin yana wajen Allah.

Gwangwanin bai koma saman kabad ba. Ta aike ni na sayo ƙananan ambulan, muka shiga wani sabon aiki na ran Lahadi. Takan ɗauki kambi, ta faɗi sunan jikan ko tattaɓa-kunnen da za a ba, ta faɗi abin da zan rubuta a bayan ambulan, ni kuwa in rubuta da manyan baƙaƙe. Na 1935 ta ce a rubuta cewa mahaifinta ya riƙe shi duk tsawon yaƙi bai kashe ba, ko a makon da ba burodi. Na 1951 ta ce a rubuta ba ta je Landan kallon bikin ba, yayarta ce ta je ta kawo mata tsaraba. Na Churchill sun yi yawa, jikokin ba su kai ashirin ba, ta ce a ba kowa bibbiyu, saura a kai shagon sadaka na kan kwana su san yadda za su yi da su. Ta so ta ba ni ɗaya, na tuna mata doka, ta ce dokar banza ce tunda abin bai kai kuɗin kofin shayi ba.

Da muka zo kan na 1981 sai ta daɗe tana juya shi. Kawunan biyu suna jere, na ango ya ɗan rufe na amarya, dukansu suna duban gefe guda. Ta ce ranar auren an fito da tebura kan titi, ita ta dafa wa layinsu kaza, 'yarta kuwa tana shekara ashirin, ta zauna gaban talabijin tun safe tana cewa ita ma irin rigar nan za ta sa. Na riƙe biro ina jira. Ta sa tsabar a ambulan da kanta, ta lashi bakin ta manne.

“Wannan na 'yata ne,” in ji ta. “Rubuta shekarar kawai.”